Mutumin da Ya Yi wa Kaji Shari'a

Akwai wani mutum mai gida a wani ƙauye, dattijo ne a ikilisiyarsu. An san shi da abu biyu: ba ya barin ko kara ɗaya a tsakar gidansa, ba ya kuma janye magana in ya faɗe ta. In mutum biyu suka yi rigima a kan iyakar gona, wurinsa ake kai su. Yakan saurara, ya nuna mai laifi da yatsa, a tashi. Yawancin lokaci yakan yi daidai. Sauran lokutan kuwa ba wanda ya taɓa komawa ya gaya masa.

Matarsa Briskila tana da kaji goma sha huɗu. Shi bai san yawansu ba sai daga baya, gama a ganinsa kaza wata aba ce mai yawo a tsakar gida har ranar da aka yi baƙo. A cikinsu akwai wata wake-wake mai ɗingishi da ƙafar hagu. Mahaifiyar Briskila ce ta kawo ta a cikin kwando tun tana ƙarama, a zuwanta na ƙarshe gidan kafin ta rasu. Tsohuwar ba ta bar gona ba, ba ta bar akwati ba. Abin da ya fito daga hannunta ke nan. Briskila tana kiran kazar 'Yar Inna, kuma ko ranar Kirsimeti ba a dubanta da wuƙa a hannu.

Ana nan sai 'yarsu Liyatu ta haihu a birni, haihuwar fari, ba ta kuwa da kowa kusa. Briskila ta ɗaure kayanta za ta je ta yi mata kwana arba'in. Farkon damina ne, an yi ruwan shuka sau biyu.

Da za ta fita ta ce, "Baban Liyatu, ga kajin nan. Da safe a buɗe musu su fita. Tukunyar nan ta bayan rumbu kuma, kowace yamma sai a..."

Ya ce, "Briskila, na raba mutanen da suka zare wa juna adda. Kaji ne za su gagare ni?"

"Ban ce za su gagare ka ba. Maganar tukunya nake maka."

"Na ji. Mota za ta tafi ta bar ki."

Ta ɗauki ƙunshinta, ta kai bakin ƙofa, ta juyo. Ta ce, "'Yar Inna dai. Ko me ya faru, in dawo in same ta."

Ya ce, "Za ki same ta. Na faɗa."

A rana ta uku da tafiyarta ya shuka masara a bayan gida, layi layi, da igiya ya auna. Washegari ya tarar kajin sun bi layin nan sun tone irin, su ma ba su tsallake rami ko ɗaya ba. Bai yi faɗa ba, gama ba shi da wanda zai yi wa. Ya nemo tsofaffin kwanon rufi da waya, ya gina musu akurki a jikin katangar yamma. Faɗinsa kamar tabarma biyu. Ya daɓe ƙasan sumul domin shara ta yi sauƙi, ya yi ƙofa da sakata, ya kora kajin ciki ya rufe. Masu wucewa suka tsaya suna yabon aikin. Wani ma ya ce ɗakin ya fi nasa kyau, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ba wanda zai ce ya yi musu rowa. Safe da yamma yakan cika musu kasko da dusar masara har ta zuba, ya wanke mazubin ruwa ya sake sabo. Tukunyar da matarsa ta ambata ma ya je ya duba. Ya same ta a kife a bayan rumbu kusa da wani ƙaramin suri, da ya ɗaga sai ga ta cike da busasshen kashin shanu da guntayen kara, gara tana ta zuba daga ciki. Ya girgiza kai, ya yi mamakin irin ƙazantar da mace mai tsoron Allah za ta iya ajiyewa kusa da hatsi. Ya zubar da abin da ke ciki, ya wanke tukunyar tas, ya ajiye ta a madafa. Surin kuma ya sa fartanya ya baje shi.

Bayan kamar mako biyu ya fara ganin gashi a ƙasan akurkin in ya zo shara. Ya ce lokacin zubar gashinsu ne. Da aka ƙara kwana uku sai gashin ya daina bayyana a ƙasa, ya ce to, abin ya wuce. Amma da ya duba kajin kansu sai ya ga wuyan wannan a fige, tushen jelar waccan a fige. 'Yar Inna tana rakuɓe a lungu, bayanta ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi ja, jini yana tsattsafowa. Duk wadda ta gitta sai ta kai mata sara a daidai wurin, ita kuwa da ƙafar nan ba ta iya kaucewa da sauri.

Mutumin ya ji abin har cikin ransa. Ya ɗauke ta, ya wanke ciwon da ruwan ɗumi, ya shafa mata man kaɗanya, ya kife ta da kwando a inuwar madafa, ya sa mata dusa da ruwa ita kaɗai. Sa'an nan ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gaban akurkin, ya zauna zai ga mai laifi.

Bai daɗe ba. Jan zakaran ya miƙa wuya ya figi gashin wata baƙar kaza. A daidai lokacin maƙwabtansa biyu sun shigo gaisuwa, sai ya nuna musu, ya ce, "Ku zama shaida. Duk wadda na gani da idona ta figi 'yar'uwarta a gidan nan, ba za ta ga faɗuwar rana ba."

Suka ce, "Daidai ne, Dattijo. Mugunta ko a dabba ba ta da kyau."

Ya yanka zakaran. Da yake gyara shi ya tsaga ƙundun, sai ga shi cunkushe da gashi. Ya ɗaga ya nuna wa maƙwabtan, ya ce, "Ga shaida." Naman ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ya rarraba.

Kwana biyu akurkin ya yi shiru. A rana ta uku wata farar kaza ta karɓi aikin daga inda zakaran ya tsaya. Ita ma ya gan ta da idonsa, ita ma ƙundunta cike da gashi. Bayanta wasu jajaye biyu. Kowace safiya bayan addu'a yakan zauna a kujerar nan, bai taɓa yanka wadda bai kama da kansa ba, kuma bai taɓa rasa wadda zai kama ba. Cikin kwana goma sha biyu ya yanka bakwai. Wata ƙarama kuma ya same ta a mace da rana tsaka, 'yan'uwanta sun riga shi. Labarin adalcinsa ya zaga unguwa, ya fi kuma ƙarfi a gidajen da ake aika wa cinya.

A cikin kwanakin nan ciwon 'Yar Inna ya bushe. Ya ce a ransa yanzu an kawar da miyagun, wurin ya zama lafiya. Ya mayar da ita cikin biyar ɗin da suka rage.

Washegari ya zauna a kujerarsa kamar kullum. Ga shi kuwa, 'Yar Inna ta taka da ɗingishinta zuwa wurin baƙar kazar nan, ta kama gashin wuyanta, ta fizge, ta haɗiye.

Mutumin ya dubi dama, ya dubi hagu, abin da bai taɓa yi ba a shari'ar kowa. Ba kowa a tsakar gidan. Ya ce wa kansa wataƙila idonsa ne. Ya jira. Ta sake yi, a hankali, a gabansa, har sau uku.

Ya daɗe a zaune. Saura kamar mako guda matarsa ta dawo. Ya faɗa mata za ta sami kazar. Ya kuma faɗa a gaban mutum biyu cewa duk wadda ya gani, wuƙa ce. Bakwai sun mutu a kan wannan magana, ba a sassauta wa ko ɗaya ba. In ya bar ta takwas domin ta gida ce, to me ya yi wa bakwai ɗin? Da rana ta fara karkata ya tashi, ya wasa wuƙa, ya kamo kazar. Ya kai ta bakin magudana, ya taka fukafukanta da ƙafa ɗaya, ƙafafunta da ɗaya, ya kama kan.

Sai aka yi sallama. Gwaggo Afiniki ce, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai dogara sanda. Ita ta goya shi yana jariri, saboda haka duk ƙauyen ita kaɗai ce ba ta ganin girman gemunsa. Ta dawo da kwanon da ya aika mata nama a ciki.

Ta ce, "Sannu da aiki, Alƙali. Yau kuma wa aka kama?" Ta matso ta ƙura ido. "Wannan ba kazar marigayiya ba ce?"

"Ita ce, Gwaggo."

"Ɗaga ƙafarka."

"Gwaggo, na yi magana a gaban mutane."

"Na sani. Ni ma na ci maganar, cinya biyu da wuya ɗaya, ban kuwa tambayi komai ba sai da miyar ta ƙare. Wannan laifina ne. Sauke wuƙar tukuna, ba gudu za ta yi ba, gurguwa ce. Me ta yi?"

"Ta figi 'yar'uwarta. Ita da aka kusa kashewa, ita da na yi jinya da hannuna."

"Da ta figi gashin, me ta yi da shi?"

"Ta haɗiye."

"Sauran da ka yanka fa?"

"Duk ƙundunsu cike da gashi. Na gani da idona."

"Ka gani. Da ka gani me ka ce?"

"Na ce ga shaida."

Tsohuwar ta dube shi. Ta ce, "Kai in ka ji haushin mutum, rigarsa kake ci?"

Ta tafi wurin akurkin, ta ɗora tafin hannunta a kan kwanon rufin, ta janye da sauri. Ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa daɓen da sandarta.

Ta ce, "Kai, ɗaki ya yi kyau. A nan suke wuni?"

"A nan. Ban taɓa barin kaskonsu ba dusa ba."

"Dusa. Wata guda dusa. To ɗan yayana, a ɗauke ka da dattawan majalisarku goma sha uku, a zuba ku a ɗaki mai faɗin tabarma biyu, kwano a sama, rana tana dukansa. A riƙa ba ku tuwo ba miya safe da yamma, ba aikin yi, ba inda za ku duba sai ƙeyar juna. Bayan wata guda gemun wa zai rage?"

"Gwaggo, mu mutane ne."

"Shi ya sa na ba ku wata guda. Kaza ba ta kai haka." Ta zauna a kujerarsa ba tare da an ce ta zauna ba. "Kaza tun safe tono take yi. Ta ci fara, ta ci tsutsa, ta tsinki ganye, ta yi birgima a toka ta kashe ƙwarin jikinta. Da abin nan take yin ƙwai, da shi take yin gashi. Ka hana ta duka, ka daɓe mata ƙasa. Jikinta yana neman nama, abin da ya fi kusa da nama a ɗakin nan kuwa shi ne bayan 'yar'uwarta. In jini ya fito kuma, shi ke nan, kowace ta ga ja sai ta kai baki, ko wadda ba ta yi niyya ba. Ina tukunyar Briskila?"

"Wadda ke bayan rumbu? Na wanke ta."

"Ka wanke ta."

"Kashin shanu ne a ciki, Gwaggo, da gara."

"Allah ya saka maka da tsabta. Tarkon gara ke nan. Da yamma take cika ta da kashin shanu da kara, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri. Da safe gara ta cika ta, ta juye wa kajin. Shekara talatin tana yi a bayan rumbunka. Ba ta gaya maka ba da za ta tafi?"

Can ya ce, "Ta fara."

"Masarar da kake tsare wa fa, ka leƙa ta kwanan nan? Ta wuce gwiwa. Kaza ba ta da abin da za ta yi mata tun mako biyu da suka wuce."

Har yanzu ƙafarsa tana kan fukafukan kazar. Ya ce, "To maganata fa? Mutane za su ce na janye."

"Za su ce. Magana biyu ka yi. Ɗaya ka yi wa matarka, ɗaya ka yi wa masu jiran nama. Duba wadda za ka iya karyawa ka ci gaba da zama a gidan nan."

Mutumin ya dubi kazar. Idonta ɗaya yana kallonsa, ba ta ko motsi. Ya ɗaga ƙafarsa. Ta tashi, ta girgiza, ta ɗingisa ta nufi gindin rumbu ta fara tono.

Ya je ya zare sakatar akurkin ya buɗe ƙofar. Kaji biyar ɗin ba su fito ba. Suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙen tsakar gidan da aka haife su a ciki, kamar baƙi.

Da yake ya baje surin bayan rumbu, sai da ya kai tukunyar wani suri a bayan gari, hanyar kuwa ta gaban rijiya take bi. Da yamma ya tsinci kashin shanu da hannunsa, ya cika ta yadda Gwaggo ta nuna masa, ya je ya kife. Da safe ya ɗauko ta a kafaɗa, gara tana bin wuyan rigarsa, ya ratsa ta gaban matan da ke ɗiban ruwa.

Wata ta ce, "Sannu Baba, kawo a karɓa maka."

Ya ce, "Bar shi, 'yata. Nawa ne."

A ƙofar gida ya tarar da maƙwabtan nan biyu. Ɗaya ya ce, "Dattijo, yau ba zaman shari'a?"

Ya ce, "Babu. Maganar da na yi a gabanku na janye ta. Ban yi daidai ba."

Ba su taɓa jin haka daga bakinsa ba, suka rasa inda za su sa idonsu. Ɗayan ya ce ai da alama za a yi ruwa, suka tafi.

Ya juye tukunyar a tsakar gida. Kajin suka fito a guje, suka rufa a kan garar, ba wadda ta dubi bayan wata. Ya fasa daɓen akurkin da fartanya, ya cire kwano biyu domin iska, ya zuba toka a gindin katanga. Abin bai tsaya rana ɗaya ba. Wata ja ta riga ta saba, ko ta ƙoshi sai ta kai baki. Ita ya kife ta da kwando kwana huɗu, yana ba ta rabonta na gara, sa'an nan ya sake ta. Kafin mako ya cika, ƙananan gashi sun fara tsirowa a wuraren da aka fige.

Ranar da Briskila ta dawo, ta ajiye kayanta, ta sha ruwa, ta ba shi labarin jaririn da wanda ya yi kama da shi. Sa'an nan ta fita tsakar gida ta yi kiran da takan yi. Kajin suka taho. Ta tsaya tana duban bayansu, ko akwai masu zuwa.

Ta ce, "Shida."

Ya ce, "Shida."

"Jan zakaran?"

"Da shi na fara."

"Farar nan da ke shirin kwanci?"

Ta sunkuya ta ɗauki 'Yar Inna, ta rungume ta, ta shafa bayanta. Yatsunta suka ji tabon. Ta buɗa sabon gashin ta duba.

Ta ce, "Wa ya yi mata wannan?"

Yana da sunaye a shirye. Ya ga zakaran da idonsa, ya ga farar, ya ga jajayen. Duk wanda ya ambata, gaskiya zai faɗa.

Ya ce, "Ni ne."

Sa'an nan ta sauke kazar, ta je inda tukunyar take a jingine, an riga an cika ta domin yamma. Ta sa hannu ta taɓa abin da ke ciki.

Ta ce, "Ruwan ya yi yawa. Gara ba ta son caɓi. Kawo in nuna maka."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Mai gidan nan shi ne duk wanda aka danƙa wa rayukan waɗansu: fasto, dattijo, shugabar zumuntar mata, mai koyar da yara ran Lahadi, uba ko uwa a gida. Kajin ba nasa ba ne, amana ce aka bar masa zuwa wani lokaci. Ku lura ba mugun mutum ba ne. Yana tashi da wuri, yana shara, ba ya cin hanci, bai taɓa hukunta wadda bai kama ba. Da mugu ne da misalin bai shafe mu ba, gama kaɗan ne a cikinmu suke ɗaukar kansu miyagu.

Gashin da ake figa mutuncin ɗan'uwa ne. Ba a cika fige shi gaba ɗaya ba. Ɗaya ɗaya ake cira, a bakin rijiya, a hanyar komawa gida bayan sujada, wani lokaci ma a cikin roƙon addu'a, inda akan ba da labarin mutum dalla-dalla domin a san abin da za a roƙa masa. In kuwa laifin wani ya fito fili, jinin ke nan. Wanda bai taɓa yin magana da shi ba ma sai ya tuna ya daɗe yana zarginsa.

Sa'ad da haka ta faru a ikilisiya ko a gida, mun san abin da mukan yi. Mukan ɗauko kujera. Mu gano wanda ya fara, mu sa shi a horo, mu mayar da shi bencin baya, ko mu yi masa shirun da zai sa ya daina zuwa da kansa. A sami lafiya mako biyu, sai wani ya karɓi aikin. Akwai ikilisiyoyin da suka shekara ashirin suna kawar da mai kawo rigima, har yanzu ba su rasa shi ba, sai dai bencina sun yi musu yawa.

Abin da mai gidan bai tambaya ba shi ne me kajin suke ci, a ina kuma suke wuni. Yana ganin kasko a cike ya ɗauka an ƙoshi. Mu ma kaskonmu a cike yake. Wa'azi ba ya yankewa, sanarwa ba ta yankewa, dokoki kuwa har sun zuba. Amma akwai gwauruwar da ba wanda ya taka ƙofarta tun ranar jana'iza. Akwai saurayin da ya gama makaranta shekara huɗu, ba a taɓa ba shi aikin da ya wuce jera kujeru ba. Akwai matar da ta share majami'a shekara goma, ba a san sunanta ba sai ranar da ta yi kuskure. Mutum yana iya zama a gaban kasko cike yana jin yunwa, in kuma an rufe shi da waɗansu masu irin yunwarsa, abin da ya fi kusa da bakinsa ɗan'uwansa ne.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ba shi izini. Kaza ba ta da zunubi, mu muna da shi. Yunwa tana bayyana dalilin sara, ba ta mai da shi daidai. Wanda ya san bakinsa yana da gashin wani, ya tuba, ya je ya nemi gafara. Akwai kuma wanda ya saba har ya zama sai an keɓe shi kwana kaɗan, horo yana da wurinsa. Sai dai kwando daban, wuƙa daban. Wadda aka kife da kwando ana kai mata abincinta, ana kuma ƙidaya ranar da za a sake ta.

Ku tuna da 'Yar Inna. Ita aka fi cuta, ita ce kuma ta juya ta cuci wata da zarar ta sami ƙarfi. In kana jin an fige ka a cikin jama'ar nan, mai yiwuwa gaskiyarka ce. Ka dai duba abin da ke bakinka. Ku tuna kuma da waɗanda aka aika wa cinya. Ba su riƙe wuƙa ba, yabo kawai suka yi, suka kuma dawo da kwano. Yawancinmu a nan muke.

Tukunyar nan kuwa ba ta da kyan gani. Aiki ne na kowace yamma, da hannu ake yi, ba a kuma sanar da shi daga bagade. A je a gai da mara lafiya, a zauna a ji maganar da ba ta da daɗin ji, a ba ƙarami aikin da zai iya ɓatawa. Sau da yawa akwai wadda ta shekara talatin tana yinsa a bayan rumbunmu, ba mu sani ba sai ranar da ta yi tafiya.

Takwas ɗin nan ba su dawo ba. Tuban mai gidan na gaske ne, amma bai tayar da ko ɗaya ba. Shida ya ceta, domin ya ɗaga ƙafarsa tun wuƙar ba ta sauka ba.

Mai garken zai dawo, 'yan'uwa, ya kuwa san yawan abin da ya bari. Zai ɗauki gurguwar nan da hannunsa, ya buɗa gashin, ya ga tabon, ya yi tambaya. A ranar kowannenmu zai kasance da sunaye a shirye, dukansu kuma na gaskiya. Ubangiji ya ba mu alherin ba da ɗaya amsar tun yau, tun da sauran waɗanda za a buɗe wa ƙofa. Amin.